Ɓeran da ya ci gaba da iyo: shin hujja ce cewa saiwoyin Indiya na maganin ciwon damuwa?

Malam Bashir:
Assalamu alaikum, malamaina da 'yan'uwana. Ina so in kawo wata magana da ta daɗe tana cina a rai. Kusan kowane mako sai wani ya tsaya a kantin maganina ya tambayi ashwagandha, saiwar nan ta Indiya da ake sayarwa a kafso ko a gari, kuma yawancin masu tambayar rashin barci da ƙuncin zuciya ne ke kawo su. Da abin ya yi yawa sai na koma ga rubuce-rubucen masana, na tarar cewa tun a shekarar 2000 S. K. Bhattacharya da abokan aikinsa a Jami'ar Banaras Hindu da ke Varanasi sun tatso sinadaran saiwar, suka ba manyan ɓeraye miligiram 20 da miligiram 50 a kan kowane kilo na nauyin jiki har kwana biyar, suka yi musu gwajin iyon dole, wato a sa ɓera a ruwan da ba zai iya fita ba a ga lokacin da zai daina iyo, sakamakon ya yi kafaɗa da kafaɗa da na imipramine, wanda tsohon maganin ciwon damuwa ne da asibitoci suka daɗe da sani. A 2002 an sake samun irin wannan sakamako a jami'ar da wani tsiron Indiya da ake kira brahmi. A 2008 kuma S. K. Kulkarni na Jami'ar Panjab da ke Chandigarh ya nuna haka a ƙananan ɓeraye da curcumin, sinadarin da ke ba kurkur launinsa na rawaya.

Matsayina shi ne, tunda da mudu ɗaya aka auna maganin asibiti da saiwar gargajiya, kuma suka tashi daidai, adalci ya wajabta a yarda cewa saiwar magani ce. Ina ganin jan ƙafar da likitoci ke yi a kan wannan al'amari akwai raini a cikinsa, domin da kamfanin Turai ne ya fito da wannan sakamako da tuni an rungume shi. Ina roƙon duk mai gyara ya gyara mini.

Dakta Hadiza:
Wa alaikumus salam, Malam Bashir. Binciken da ka ambata na gaske ne, ban musa ko ɗaya daga cikinsu ba, amma kafin mu yi gardama a kan sakamako ya kamata mu fara duba mudun da ka ce an auna da shi. Ni da nake zama da masu wannan ciwo a ɗakin duba marasa lafiya, abin da nake gani shi ne matar da ta yi wata uku ba ta jin daɗin abinci, ba ta jin daɗin 'ya'yanta, tana farkawa tun kafin kiran sallar farko ta kasa komawa barci, tana ganin kanta a matsayin nauyi ga mijinta, wani lokaci ma tana tunanin gara ta mutu ta huta. Da waɗannan alamu muke gane ciwon, kuma mafi yawansu sai mai ciwon ya buɗe baki ya faɗa ake saninsu. To ta wace hanya aka san ɓera yana ganin kansa a matsayin nauyi ga wani? Ƙanwata Zainab tana can Indiya tana wannan aiki da hannunta, don haka ina roƙonta ta faɗa mana abin da ake yi a ɗakin gwajin tiryan-tiryan.

Zainab:
To, Anti Likita, bari in faɗi abin da nake yi kowace safiya tun farkon wannan zangon karatu. Muna da tulun gilashi mai tsawon kusan santimita 25 da faɗin kusan 10, muna zuba ruwa a ciki har ya kai yadda jelar ɓeran ba za ta taɓa ƙasa ba, muna kuma daidaita ɗuminsa a digiri 25. Ɓerayen farare ne ƙanana, irin waɗanda ake kira Swiss albino, kowanne bai wuce giram 25 zuwa 30 ba, kuma shida muke sa wa a kowane rukuni: rukuni ɗaya ruwan gishiri kawai ake ba shi, ɗaya a ba shi imipramine, sauran a ba su abin da muka tatso daga tsiron. Bayan awa ɗaya sai in ɗauki ɓera in saka shi cikin ruwan a hankali, in danna agogo. Da farko yakan yi ta kai-komo yana yaƙushin gilashin da ƙafafun gaba yana neman mafita, amma kafin minti biyu su cika sai ya fara sakin jiki, ya tsaya a saman ruwa hancinsa a waje, ƙafar baya ɗaya kawai ke ɗan motsi don kada kansa ya nutse. Gwajin minti shida ne, kuma a minti huɗun ƙarshe nake ƙirga daƙiƙoƙin da ya yi a tsaye ba ya iyo. Idan lokaci ya cika sai in tsame shi, in goge shi da tawul, in ajiye shi ƙarƙashin fitila ya ji ɗumi kafin ya koma kejinsa.

Roger Porsolt ne da abokan aikinsa suka fito da wannan gwaji a Faransa a 1977, kuma su suka fassara tsayawar ɓeran da yanke ƙauna. A 1985 aka ƙaro ɗan'uwansa, inda ake rataye ɓera ta jela na minti shida a ƙirga lokacin da ya daina fafutika. Abin da nake so kowa ya riƙe shi ne, ɓerayen nan lafiyarsu ƙalau, da safen ranar ma suna cin abincinsu suna guje-guje a keji. Babu wanda ya kamu da wani ciwo kafin a jefa shi ruwa. Akwai kuma masana a Jami'ar Leiden ta ƙasar Holan, irin su Ron de Kloet da Marc Molendijk, da suka daɗe suna cewa tsayawar nan dabara ce ta tattalin ƙarfi, wato ɓeran ya gane babu mafita sai ya daina wahalar da kansa. Ni kaina da nake kallonsu kullum, wanda ya saki jiki da wuri yakan fito da sauran ƙarfinsa fiye da wanda ya yi ta yaƙushin gilashi har ƙarshe.

Malam Bashir:
Na gode, Malama Zainab, bayaninki ya fito da abin fili kamar ina tsaye a wurin. Sai dai ban ga ya rushe maganata ba. Ko yanke ƙauna ne, ko dabara ce, abin da ba a musu a kansa shi ne magungunan da Likita ke rubuta wa marasa lafiyarta suna rage wannan tsayawa. Idan imipramine ya sa ɓera ya ci gaba da iyo kuma ya warkar da mutum, sannan ashwagandha ta sa ɓera ya ci gaba da iyo, wane dalili ne zai hana ta warkar da mutum?

Malam Garba:
Bashir ɗana, tambayarka ita ce tsakiyar maganar, kuma na yi shekaru ina yi wa ɗalibai ita a aji kafin in ajiye aiki. Hausawa na cewa kama da wane ba ta wane. Kafeyin da ke cikin goro da kofi yana rage tsayawar ɓera a ruwa, amfetamin, ƙwayar nan mai tayar da jiki, ma haka, kuma babu likitan da zai ba mai ciwon damuwa amfetamin ya ce ya warkar da shi. Shi ya sa mai bincike na ƙwarai yake haɗawa da wani gwajin, ya saki ɓeran a fili ya ƙirga zirga-zirgarsa, don ya tabbatar abin da ya ba shi bai zama mai tayar da jiki kawai ba. Ta ɗaya gefen kuma, lokacin da sabbin magungunan ciwon damuwa irin su fluoxetine da danginsa suka fito, gwajin Porsolt na asali a manyan ɓeraye bai riƙa kama su da kyau ba, sai da Michael Detke da Irwin Lucki suka gyara shi a 1995, suka ƙara zurfin ruwa, suka raba iyo da hawan bango. Ka ga mudun naka yakan shigar da abin da ba magani ba, yakan kuma zubar da magani na gaskiya. Rariya ce ta tankaɗen farko, kuma don haka aka ƙirƙire ta: kamfani yana da sinadari ɗari, yana so ya san guda goman da suka cancanci a kashe musu kuɗi.

Ku dubi kuma ta inda magungunan nan suka fito. Iproniazid maganin tarin fuka ne, a 1952 likitoci a Amurka suka lura masu shan sa sun sami walwala. Imipramine kuwa Roland Kuhn ne ya gano amfaninsa a kan marasa lafiyarsa a Suwizalan, ya bayyana a 1957. A jikin mutane aka fara ganin aikinsu, daga baya aka nemi gwajin dabba da zai yi daidai da su, saboda haka gwajin ya fi ƙwarewa wajen gano abin da ya yi kama da tsofaffin magunguna.

Amma kada wani ya ɗauka ina raina ilimin Indiya, domin babu wanda ya san tarihin sarpagandha da zai raina shi. Wannan saiwa masu maganin gargajiya na can sun yi ƙarnoni suna ba masu taɓin hankali. A 1931 Gananath Sen da Kartick Chandra Bose suka rubuta a Kalkata cewa tana kwantar da mai hauka tana kuma sauke hawan jini, a 1949 Rustom Jal Vakil na Bombay ya buga sakamakon marasa lafiyarsa a mujallar likitocin zuciya ta Birtaniya, a 1952 kamfanin Ciba ya ware sinadarin reserpine daga cikinta. Daga nan aka lura wasu masu shan reserpine don hawan jini suna faɗawa cikin baƙin ciki mai tsanani, kuma wannan lura na cikin tushen ra'ayin da ya danganta ciwon damuwa da raguwar sinadaran serotonin da noradrenaline a ƙwaƙwalwa. Saiwar Indiya ce ta buɗe wannan ƙofa, kuma a gadon asibiti ta buɗe ta.

Wani zai kawo misalin Tu Youyou ta ƙasar Sin, wadda a 1971 ta gwada abin da ta tatso daga wani dangin tazargade a kan ɓeraye, ya zama artemisinin, maganin zazzaɓin cizon sauro da muke sha yau, har ta sami kyautar Nobel a 2015. Gaskiya ne, amma ɓerayenta suna ɗauke da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a jininsu, ana ɗiban jinin a duba a madubin likita a ƙirga ƙwayoyin da suka mutu. A can akwai cuta a jikin dabbar da ido ke gani. A tulun Zainab babu ita.

Dakta Hadiza:
Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Zan ɗora abu biyu a kan wannan. Na farko shi ne lokaci: ɓeran Zainab yana canja hali awa ɗaya bayan an ba shi imipramine, alhali marar lafiyata sai ta yi mako biyu zuwa shida tana shan magani kullum kafin ta ce mini ta fara jin sauƙi. Wannan tazara kaɗai ta isa ta nuna abin da ake gani a ruwa da abin da ke faruwa a jikin mai jinya ba lallai su zama abu ɗaya ba. Na biyu, Malam Bashir ya ce da kamfanin Turai ne da an rungume shi, to ga aprepitant na kamfanin Merck: ya yi kyau a gwajin dabbobi, ya yi kyau a gwajin farko a kan mutane a 1998, amma da aka kai shi manyan gwaje-gwaje bai fi ƙwayar wofi ba, wato ƙwayar da babu magani a cikinta, sai aka ajiye shi a wannan fanni. Yau masu jinyar ciwon daji ake ba wa shi don hana amai. Ƙa'idar da ta kayar da maganin babban kamfani ita nake so a yi wa saiwa.

An kuwa gwada curcumin a kan mutane a Indiya. A Kwalejin Likitanci ta Gwamnati da ke Bhavnagar a jihar Gujarat an raba marasa lafiya 60 gida uku na tsawon mako shida: wasu fluoxetine miligiram 20, wasu curcumin miligiram 1000, wasu duka biyun. Sakamakon da aka buga a 2014 ya nuna kashi 64.7 cikin ɗari sun sami sauƙi a rukunin farko, 62.5 a na biyu, 77.8 a na uku. Masu talla suna ɗaukar waɗannan alƙaluma su ce kurkur daidai yake da fluoxetine. Abin da ba sa faɗa shi ne babu rukunin ƙwayar wofi a binciken, kuma a ciwon damuwa mutane da yawa kan ji sauƙi don kawai likita ya zauna ya saurare su kowane mako. Mutum ashirin a rukuni kuma sun yi kaɗan a ce an tabbatar magunguna biyu daidai suke. Ina ganin binciken dalili ne mai kyau na a yi wani babba, kuma da zuciya ɗaya nake fatan a yi shi.

Zainab:
Ina so in ɗan kare fanninmu, domin ba iyon dole kaɗai muke da shi ba. Akwai gwajin da Paul Willner ya tsara a 1987, inda ake yi wa ɓeraye ƙananan takura na makonni: yau a karkata kejin, gobe a jiƙa shimfiɗarsu, jibi a bar fitila a kunne dare farai. A hankali sai su rage shan ruwan sukari da suke so a da, su koma shan sa kamar ruwan banza, kuma sai an yi makonni ana ba su magani kafin sha'awar ta dawo. Wannan ya fi kusa da matar da Anti Likita ta ce ba ta jin daɗin abinci. Matsalarsa ita ce yana cin wata biyu, yana cin abinci da kuɗi, ɗalibin digiri na biyu kuwa shekara ɗaya yake da ita ta bincike, shi ya sa kowa ke rugawa ga tulun gilashi.

Sai batun awo. Ƙa'idar da hukumar magunguna ta Amurka ta fitar a 2005 ta ce a raba awon babban ɓera da 6.2, na ƙaramin ɓera da 12.3, kafin a kwatanta da mutum. Miligiram 50 na Banaras ya zama kusan 8 a kan kilo, wato kusan miligiram 480 ga mai nauyin kilo 60. Amma wannan na tsantsar sinadaran da aka tace ne, kuma garin saiwar da ke cikin kafso kaɗan ne daga cikinsa ke ɗauke da su. A aikin Chandigarh na 2008 ma allura aka yi wa ɓerayen a ciki, alhali curcumin da aka haɗiya ɗan kaɗan ne ke isa jini. Wani bincike a Bangalore a 1998 ya nuna sinadarin piperine na masoron Indiya, miligiram 20, yana ninka shigarsa jinin mutum kusan sau ashirin, sai dai yana yin haka ne ta hanyar rage aikin hanta da hanji wajen fitar da sinadarai, don haka yana iya ɗaga awon wasu magungunan, har da na farfaɗiya.

Akwai abu ɗaya da ya fi waɗannan damuna. A zangon da ya wuce wata abokiyar karatuna ta gwada wani ganye bai nuna komai ba, sai aka ba ta shawara ta ƙara awo ta sake, ta sake har sau uku, na ukun da ya yi kyau shi kaɗai ya shiga kundin digirinta. Kuma ita ce ke ba da maganin, ita ce ke riƙe da agogo, ta san ɓeran da ya sha me. Ban ce ta yi ƙarya ba, amma daƙiƙa goma tsakanin "yana iyo" da "ya tsaya" hukuncin ido ne, ido kuwa yana bin abin da zuciya ke so.

Dakta Hadiza:
Wannan cuta ba ta ɗalibai kaɗai ba ce, ƙanwata. A 2008 Erick Turner ya duba gwaje-gwaje 74 na magungunan ciwon damuwa da kamfanoni suka miƙa wa hukumar Amurka. Daga 38 da suka yi kyau an buga 37, daga 36 da ba su yi kyau ba kuwa 22 ba a buga su ba sam, 11 an buga su da fuskar nasara. Idan haka ta faru inda hukuma ke riƙe da rajista, to a gwajin ɓeraye da babu mai rajistarsa, ba mu da hanyar sanin yawan tsirran da aka gwada aka yi shiru.

Dakta Nuhu:
Na yi shiru ina karantawa, amma a matsayina na likitan dabbobi akwai wanda ba a yi magana a madadinsa ba, shi ne ɓeran. Dabbar da aka jefa ruwan da ba za ta iya fita ba tana shiga firgici na gaske, sinadaran tashin hankali suna hawa a jininta, ko da kuwa za a tsame ta a goge ta da tawul. Tun 1959 William Russell da Rex Burch suka shimfiɗa ƙa'idoji uku: a maye gurbin dabba idan da hali, a rage yawanta, a sauƙaƙa mata wahala. Indiya tana da dokar hana zaluntar dabbobi ta 1960, kuma a ƙarƙashinta akwai kwamitin gwamnatin tarayya da ke sa ido, ba a taɓa ɓera a jami'a sai kwamitin ɗa'a na jami'ar ya sa hannu. A 2024 gwamnatin Birtaniya ta bayyana cewa ba za ta ƙara ba da izinin amfani da iyon dole a matsayin kwaikwayon ciwon damuwa na ɗan Adam ba, kuma a shekarar ce jihar New South Wales ta Ostireliya ta hana shi da doka.

Mu da muka taso da hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta ɗaure, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ta nemi abinci ba, mun san wahalar dabba abin tambaya ce gobe kiyama. Na yarda a wahalar da dabba idan akwai amfanin da ya rinjayi wahalar. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a sake jefa ɓeraye talatin a ruwa don a tabbatar da abin da aka riga aka buga sau da dama a kan ashwagandha, saboda kawai ɗalibi yana bukatar kundi.

Malam Bashir:
Na karɓi gyara a kan kalmar "tabbatarwa", ba zan sake cewa gwajin ɓera ya tabbatar ba. Amma ina nan a kan rabin maganata. Binciken lafiyar ƙwaƙwalwa na ƙasa da cibiyar NIMHANS ta Bengaluru ta jagoranta a jihohi 12 a 2015 zuwa 2016 ya nuna kusan kashi 85 cikin ɗari na masu ciwon damuwa a Indiya ba sa samun magani. Wasu daga cikin waɗannan mutane wurin mai maganin Ayurveda, wato maganin gargajiyar Indiya, suke zuwa ko mun so ko mun ƙi, kamar yadda namu ke zuwa wurin mai saiwa. Tsiron da aka yi ɗaruruwan shekaru ana sha, sannan ya nuna alama a dabba, ai ya fi sinadarin da aka haɗa jiya cancantar a kyautata masa zato. Da babu gara ba daɗi, Likita.

Dakta Hadiza:
Malam Bashir, wannan karin magana ita nake tsoro a wannan ciwo, domin ciwo ne da ke kashewa. Bara an kawo mini wani saurayi da ya ajiye maganinsa bayan wata biyu, ya koma kafso ɗin da ya saya ta intanet saboda an ce masa ba shi da illa. Ya dawo hannun yayansa, ya rame, ya yi kwana huɗu bai yi magana da kowa ba, kuma sai da muka kwantar da shi. Daɗewar amfani kuma ba ta wanke tsiro daga illa. A 2020 likitoci a Aisland da Amurka sun ba da rahoton mutum biyar da suka kamu da ciwon hanta da shawara bayan shan ashwagandha, kuma Denmak ta hana sayar da ita a matsayin ƙarin abinci a 2023. A 2004 Robert Saper ya sayi magungunan Ayurveda 70 a shagunan birnin Boston, ya sami dalma ko zaiba ko arsenik a cikin 14. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa yaran Zamfara a 2010 ba ma bukatar a yi mana dogon bayani. Idan mai tambayarka rashin barci na 'yan kwanaki ne ke damunsa, wannan daban, amma idan ya ce maka ya fi mako biyu ba ya jin daɗin komai, don Allah ka turo shi asibiti, ka kuma tambaye shi abin da yake sha.

Malam Garba:
Bashir yana da gaskiya a wuri ɗaya da bai kamata a bari ya wuce ba: tsiron da mutane ke sha tuni, hanyar bincikensa ta bambanta da ta sabon sinadari. Masanan Indiya irin su Ashok Vaidya da Bhushan Patwardhan sun daɗe suna kira da a juya tsarin, a fara da rubuta abin da ke faruwa ga marasa lafiyar da ke shan maganin a hannun masu Ayurveda, sannan a koma ɗakin gwaji a nemi dalili, kamar yadda aka yi da sarpagandha. A nan ne na ɗan saɓa da Nuhu, domin ko an bi wannan hanya ana bukatar dabba don a san illar tsiro ga hanta da ƙoda da ɗan tayi.

Kafin duk wannan kuma sai an san wane tsiro ake magana a kai. Littafin Charaka, tsohon littafin Ayurveda, ya ambaci tsirrai huɗu masu ƙarfafa hankali, cikinsu har da shankhapushpi, amma a kasuwannin Indiya tsirrai daban-daban har huɗu ake sayarwa da wannan suna, ɗaya daga cikinsu shi ne Evolvulus alsinoides, wanda mu muke kira kafi-malam. Sunan brahmi ma tsiro biyu ke amsa shi, Bacopa monnieri da Centella asiatica. Zainab ɗiyata, tsiron da kike aiki a kai, wa ya tantance miki shi?

Zainab:
Allah ya gafarta Malam, daga wani dillalin ganyayyaki aka sayo shi a busasshe, kuma takardar da ya haɗo da ita ce kawai shaidarmu. Ban taɓa ganin furensa ba. Ranar Litinin zan kai samfurinsa sashen nazarin tsirrai a tantance a ajiye mini lamba, zan kuma roƙi mai duba aikina ya amince in riƙa ɗaukar gwajin a bidiyo, wata ɗaliba da ba ta san rukunin kowane ɓera ba ta yi ƙirgar. Ɓeraye ashirin da huɗu suka rage mini a cikin waɗanda kwamiti ya amince da su, kuma zan rubuta duk abin da suka nuna, ko da bai nuna komai ba. Abin da ban sani ba shi ne ko za a karɓi kundin da sakamakonsa ya zo a haka.

Dakta Nuhu:
Idan an ƙi karɓa, Malama Zainab, ki turo mini alƙaluman yadda suke, akwai mujallun da ke buga sakamakon da bai nuna tasiri ba, zan taimaka miki mu tsara shi. Ki kuma tambayi kwamitin ko zai yarda a yi wa sauran ashirin da huɗun gwajin ruwan sukari a maimakon tulu.